Motar da Ta San Hannu Ɗaya

Zaharia Burlaku direba ne tun yana saurayi. A zamanin gonar haɗin gwiwa shi ke jan motar madara, ya zagaya ƙauyukan gindin tsauni da sassafe, ya kwashi garewani ya kai Buzau. Da aka wargaza gonar, aka watsa shanun, motar madarar ma wani ya tafi da ita, sai ya zama ba shi da abin tuƙi sai 'yar motarsa shuɗiya, irin ta ƙasarmu, wadda ya yi shekaru yana jiran layi ya zo kansa kafin ya samu. Gajeren mutum ne mai faɗin tafin hannu, ba ya son hayaniya, ba ya taɓa barasa sai ranar biki. In ka gaishe shi ya amsa, in ka bar shi ya bar ka.

Motar ta tsufa tare da shi. Inji dai lafiya lau, amma sandar giya ta saki. In ka kama ta sai ta yi ta lilo kamar muciya a tukunyar da babu tuwo. Inda lamba ɗaya take bara ba nan take bana ba. Zaharia kaɗai ya san kanta: ya jawo ta jikinsa, ya ɗan ɗaga, ya saurari wani ɗan motsi da yake ji a wuyan hannunsa, sannan ya tura. Ribas kuwa sai ya kwantar da sandar can gefe har ta kusa taɓa gwiwar wanda ke zaune kusa da shi. Samarin ƙauyenmu sun sha gwadawa don gardama, su yi ta gurzar giya har haƙoran mutum su yi tsami, su sauko suna dariya.

"Kawu Zaharia, wannan ba mota ba ce, alfadara ce. Hannu ɗaya ta sani."

Maganar tana yi masa daɗi. Mai naƙuda, mai son cim ma jirgin ƙasa, mai kai masara injin niƙa, duk ƙofarsa ake bugawa, kuma ba a cewa ya ba da aron mota, sai dai a ce ya zo. Mutumin da aikinsa ya mutu ya bar shi da rai, wannan bugun ƙofa ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Ya san ciwon motar sarai. Daga gindin sandar giya akwai wani dogon ƙarfe da ya bi ƙarƙashin mota ya tafi har giyabos. A mahaɗar ƙarafan akwai 'yan zobban roba, makanikai na ce musu bushin, kowanne bai fi murfin kwalba ba. Su ke riƙe ƙarfe da ƙarfe don kada su yi wasa. Nasa sun cinye, shi ke nan. Har ya sayo sababbi wata ranar kasuwa, ya jefa su cikin gwangwanin shayi a kan katakon rumfarsa, da niyyar ya saka su ranar Asabar.

A cikin makon ne matarsa Saveta ta karɓo lasin tuƙi.

Saveta doguwa ce, mai cuku, kowa a kasuwar gari ya san teburinta. 'Yarsu Viorika da ke aikin kula da tsofaffi a Italiya ita ta matsa mata a waya: "Mama, ki koyi mota. Baba ba ƙarfe ba ne." Saveta ta yi ta bin bas zuwa gari tana koyo cikin 'yan mata sa'o'in 'yarta, ta kuma ci jarrabawar a zama ɗaya. Ta dawo da lasin a ƙulle cikin ɗankwali, ta kwance shi a kan tebur kusa da tuwon masara, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

Zaharia ya ɗauka, ya duba hoton, ya ce, "To, madalla."

Da ya gama cin abinci ya shiga rumfa. Ya tsaya yana kallon gwangwanin shayin nan. Sai ya sa yatsa ya tura shi bayan kwalaben ƙusa. Bai ce wa kansa ga dalili ba. Asabar ta zo ta wuce.

Juma'ar da ke bin Ista, ranar da ake sa wa motoci albarka, Saveta ta ce ita za ta ja. Ya miƙa mata makulli. Daga gidansu zuwa coci gangara ce, kuma duk inda za a canja giya sai ya miƙo hannu ya ce, "Taka kuloci, bari in saka miki." Ta ɗauka kulawa ce. Suka iso lafiya, matan da ke bakin ƙofa suka yi mata tafi, aka ce ai sabuwar direba ita ce a gaba. Aka tsayar da ita daf da teburin Fada Partenie, inda aka jera kyandirori da burodin sadaka da bokitin ruwan albarka. Aka buɗe bonet da ƙofofi, Fada ya bi layi yana tsoma damin ɗoɗɗoya a ruwa yana yayyafa wa inji da kujeru da masu motar.

Da aka gama, dole ta yi baya kafin sauran su fita. Zaharia yana waje, ya rufe bonet ya koma gefe yana sauraron surutun Ilarie. Ilarie maƙwabcinsu ne, Zaharia ne ya riƙe ɗansa ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna kumatru. Zaharia ya ji injin ya tashi. Ya ga hannun Saveta a kan sandar, tana tura ta daidai inda malaminta ya koya mata. Ya san abin da ke wurin yanzu ba ribas ba ne. Tsakaninsa da tagar motar bai kai tsawon sanda ba. Kalma ɗaya ta isa.

Bai faɗa ba.

Motar ta yi tsalle gaba. Tebur ya kife, bokiti ya juye a kan rigar Fada da takalmansa, burodi ya yi ta gangarawa ƙarƙashin motocin mutane. Babu wanda ya ji ciwo, shi ya sa dariyar ta samu wuri. Har Fada, yana matse gefen rigarsa, sai da kafaɗunsa suka yi rawa. Ilarie ya riƙe ciki ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kumatru, birki ne ya tsinke, ko giyar ce ta haukace?"

Idanu suka juyo kan Zaharia. Ya ji bakinsa yana cewa, "Motar lafiyarta ƙalau. Hannu ne."

Saveta ta fito. Ta ɗauki bokitin ta ajiye shi a tsaye, ta sumbaci hannun Fada, ta fita daga harabar da ƙafa, ta hau gangarar nan ita kaɗai. Lasin ya koma cikin ɗankwalinsa, ɗankwalin ya koma ƙasan akwati. Kafin Lahadi an raɗa mata suna Mai-bokiti.

Shekara bakwai ko takwas sunan yana bin ta. Yaran da ba su ga abin ba ma haka suke kiranta, ba su san daga ina ya fito ba. Abin da ya fi ci wa Zaharia rai shi ne ba ta taɓa zarginsa ba. Ta yarda. In mata suka tsokane ta a bakin rijiya sai ta yi dariya tare da su, ta ce, "Ni hannuna na cuku ne, ku bar ni." Wani lokaci yana tuƙi tana gefe da kwandon cuku a cinya, sai ya lura tana kallon yadda yake lallaɓa sandar, ta girgiza kai ta ce, "Kai dai Allah ya ba ka." Sai ya ƙura wa hanya ido. Sau da yawa ya shiga rumfa da niyyar ɗauko gwangwanin. Amma in ya gyara motar yau, gobe za ta kama sandar ta ji bambanci, ta tambaya. Duk shekarar da ta wuce sai tambayar ta ƙara nauyi, sai ya ƙara tura gwangwanin ciki.

Sai idanunsa suka fara yin hazo. Da fari ya ce gilashin mota ne, ya yi ta gogewa. Wata safiya saura kaɗan ya hau keken dokin wani a kwanar gada, don bai gan shi ba sai da ya ji numfashin dokin. Da lokacin sabunta lasinsa ya yi, likita ta haska masa ido ta daɗe, ta ce yanar ido ce a duka biyun, kuma a bayan yanar akwai wani ciwon da wuƙar tiyata ba ta kaiwa gare shi. Ta ce ya yi haƙuri, ya gama tuƙi.

A lokacin bas ta riga ta daina hawowa ƙauyenmu. Kasuwa a gari, magani a gari, yayar Saveta da ke kwance ba lafiya a ƙauyen da ke bayan tsauni. Viorika ta bugo waya ta yanke magana: ko Mama ta koma tuƙi, tunda lasinta bai mutu ba, ko su rufe gidan kafin dusar ƙanƙara, su sayar da awakin, su koma ɗakinta na bene a Buzau da ke zaune babu kowa.

Saveta ta ce, "Na gwada, 'yar nan. Duk gari ya gani."

Ta ajiye wayar ta fita wurin awakinta. Ta taga Zaharia ya hango duhu-duhunta tsaye a bakin garke, ba ta tatsa, ba ta ba su ciyawa, tana dai tsaye. Gidan nan ubanta ne ya gina shi. Itatuwan tuffa na bayan gida ita ta dasa.

Washegari da hantsi ya ɗauko gwangwanin.

Ilarie na da ramin duba mota a gidansa, amma Zaharia bai so idon Ilarie a kan wannan aiki. Ya ɗaga motar da jak a tsakar gida, ya tokare ta da kututturai, ya girgiza ta ya tabbatar ta zauna. Ya shiga ciki ya cire rigar robar da ke gindin sandar giya, sai ga rami a daɓen motar, ana ganin ƙasa. Ya shimfiɗa tsohon bargo ya shige ƙarƙashi da sifana da fulaya a kan cikinsa. Ido bai yi masa amfani ba, da yatsu ya bi ƙarfen har ya tarar da mahaɗa. Ya miƙe ɗan siririn fil ɗin da ke kulle noti ya zare shi, ya sa a bakinsa don kada ya ɓace. Notin ya yi tsatsa, sai da ya jiƙa shi da baƙin mai ya jira. Da ƙusar mahaɗar ta fita, ragowar tsohon bushin ya zubo masa a fuska kamar ƙanzo. A mahaɗa ta biyu babu ma komai, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, ramin har ya yi santsi. Ya tattara ɓurɓushin ya ƙulle a hankici, shi kansa bai san don me ba.

Sababbin sun daɗe a gwangwani, sun yi tauri, sun ƙi shiga. Ya kira ta.

"Ke matar nan, ɗora mini ruwa ya tafasa."

Ta kawo tukunyar ta ajiye kusa da kansa. Ya miƙo hannu ya jefa su ciki.

"Mene ne waɗannan kamar murfin kwalba? Kai mutumin nan, da idon naka za ka shiga ƙarƙashin mota? In ta faɗo maka wa zan kira, Ilarie?"

"Ba za ta faɗo ba."

Da robar ta yi laushi ya shafa mata giris, ya zura doguwar ƙusa da wasa biyu, 'yan faifan ƙarfe masu rami, ya yi ta ɗaure noti a hankali har bushin ya shige mazauninsa. Na biyun ya ba shi wahala, ya karkace, ya fito da shi ya sake dafawa. Sai aka zo wurin da ya daɗe yana tsoro. Kafin ƙusa ta koma, dole ramin sanda da ramin ƙarfe su haɗu, kuma mutum ɗaya ba ya iya riƙe sanda a sama yana ƙasa.

"Saveta, shiga ki riƙe mini sandar."

"Zan miƙa hannu daga waje."

"Ba zai yi ba. Sai kin zauna daidai."

Ta daɗe ba ta motsa ba. Can ya ji motar ta ɗan nitse a kan kututturai. Ta ramin daɓen yana ganin haske-haske, da wani duhu da ya san hannunta ne.

"Jawo ta wajenki. Kaɗan. Ya yi yawa, mayar. Tsaya nan."

Ƙusa ta shige. Ya ɗaure, ya ciro fil ɗin daga bakinsa ya mayar, ya lanƙwasa ƙafafunsa. Aiki ya ƙare. Da ya so da ya ce mata ta sauka, ya gwada da kansa. Ya ci gaba da kwanciya yana jin ƙamshin giris.

"Taka kuloci. Sa ɗaya."

Ƙas. Ƙarfen ya motsa a saman fuskarsa, tsaf, babu lilo.

"Biyu."

Ƙas.

"Ribas."

Ƙas. Ta fitar, ta sake sawa. Ta fitar, ta sake. Ya ji tana yi a hankali, kamar mai taɓa haƙorin da ya daina ciwo.

"Zaharia."

"Na'am."

"Nan na tura ta ranar."

"Na sani."

"Nan ɗin nan fa. Ban manta ba. Har a mafarki nan nake tura ta."

"Na sani, Saveta. Daidai kika tura. Robar ce ta cinye, ribas ya gudu can gefe. Ni kaɗai na san inda ya koma."

Da fuskarta yake gani da bai iya ƙarasawa ba. Amma tsakaninsu akwai daɓen mota, shi yana kallon tsatsa, ita tana kallon gilashi.

"Waɗannan da na dafa yanzu, yaushe ka saye su?"

"Makon da kika karɓo lasin."

"Suna ina?"

"A gwangwanin shayi."

"Wanda nake share ƙurar gefensa?"

"Shi ne."

"Kana tsaye a bakin taga ranar."

"Ina tsaye."

Motar ta ɗan ɗago. Ya juya kai ya ga takalmanta a gefen mota, sun tsaya kusa da tukunyar. Ya jira ihu, ya jira ta shuri tukunyar, har ya so ta yi. Takalman suka daɗe a wurin. Sannan ta sunkuya ta ɗauki tukunyarta ta tafi. Ya ci gaba da kwanciya a ƙarƙashin motar har rana ta zagayo ta kama ƙafafunsa.

Kwanakin da suka biyo abincinsa yana kan tebur a rufe, ita tana cin nata a madafar waje. Ba ta yi masa gori ba, ba ta gaya wa Viorika ba. In ya shigo ɗaki sai ta tuna da wani aiki a garke. Ya sauke motar daga kututturai, ya mayar da rigar sandar, ya rataye makulli a ƙusar bakin ƙofa inda za ta gani. Sau biyu ya ji injin ya tashi a bayan gida yana can wajen itatuwan tuffa, ya ji mota ta yi gaba ta yi baya tsakanin garke da rijiya. Bai leƙo ba.

Ranar kasuwa ta loda bokitan cuku a but ɗin bayan mota. Ta saka ɗankwalinta na zuwa coci. Ta zauna a kujerar direba ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Za ka zo ko za ka tsaya?"

Ya shiga gefenta.

"In ka taɓa sandar nan zan sauke ka a hanya."

Hanyar gari ta bi ta gaban kanti, inda maza ke zama a benci da safe. Ilarie ne ya fara gane wanda ke riƙe da sitiyari. Ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu biyu.

"Jama'a, kowa ya ɗauke bokitinsa! Ga ta nan ta dawo!"

Benci ya ɗauki dariya. Saveta ta taka birki. Ba ta dubi Ilarie ba, ba ta dubi mijinta ba. Hannayenta na kan sitiyari, injin yana ta bugawa. Zaharia ya gane shi take jira. Ya buɗe ƙofa ya sauka. Ya cire hula. Ya ciro hankicin nan ya kwance shi a tafin hannu a gaban mazan da ba ya ganin fuskokinsu sosai.

"Wannan ne ya kifar da teburin Fada. Bushin giya ne, ya cinye. Na sani tun kafin ranar. Ina da sababbi a gida ban saka ba. Na ga tana nema, ban faɗa mata ba. Kumatru, ka tambaye ni, na yi maka ƙarya. Ba laifinta ba ne."

Dariyar ta mutu. Wani ya yi tari. Ilarie ya sosa ƙeya.

"Haba kumatru, ai tsohon zance ne. Wa ke tunawa?"

"Yanzu ka tuna."

Ilarie ya buɗe baki. Kafin ya yi magana sai Zaharia ya ji motar ta ja. Ya juya ya ga shuɗin abu yana nisa a cikin hazon idonsa, ya ce a ransa ta tafi ta bar shi, kuma daidai ne. Ya tsaya da hula a hannu ɗaya, ɓurɓushin roba a ɗayan. Can wajen kwanar coci motar ta tsaya. Sai ya ji kukan nan na ribas, siriri, yana tahowa. Ta zo da baya duk tsawon titin, a miƙe kamar an ja zare, ta wuce tsakanin keken Ilarie da kwata, ta tsaya daidai gwiwar mijinta.

Ilarie ya cire hularsa ya sunkuya a taga. "Matar kumatru, ki yafe mana. Bakinmu ne."

"Ka gaida mutan gida," in ji ta.

Zaharia ya kama ƙofar gaba. A kan kujerar ta riga ta ɗora kwandon ƙwai.

"Baya," ta ce.

Ya shiga baya. A hawan da ke bayan gada ta saki kuloci da wuri, injin ya mutu, motar ta fara silalewa. Hannunsa na dama ya tashi da kansa. Ya kama shi ya zauna a kai. Ta ja birkin hannu, ta tayar da injin, ta sa ɗaya, suka haye.

Sun yi hunturun a gidansu, da wanda ya biyo baya. Awakin suna nan. Har yanzu akwai masu ce mata Mai-bokiti in ba ta kusa, galibi yara. Duk ranar kasuwa za ka ga shuɗiyar motar tana gangarowa, Saveta a gaba da kwandon ƙwai a gefenta, Zaharia a baya da hula a kan gwiwa. Ko ranar da kaji ba su yi ƙwai ba kwandon yana nan a kujerarsa. Ba ta ce masa ya dawo gaba ba tukuna, shi kuma bai tambaya ba.